Ƙwaƙwalwa da Jarabar Shaye-shaye



Duk wanda ya shiga mota daga bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru ya nufi Sabon Gari, in dai ya buɗe idonsa sosai, to kafin ya sauka zai ga abin da zan yi magana a kansa yau. Zai gan shi a kwalaben maganin tari da aka yar cikin kwata, da fakitocin ƙwaya da aka ɓare aka watsar a gindin bango, wani lokaci ma a idon saurayin da ke lodin kaya a tasha. Ba kuwa ina ware Sabon Gari ba ne don in ɓata mata suna. Kasuwa ce babba, wadda ta taso tare da hanyar jirgin ƙasa da ta iso Zariya a 1911, kuma abin da ake saye a kasuwa gida ake kai shi. Babu unguwa ko makaranta a ƙasar nan da za ta bugi ƙirji ta ce abin bai shafe ta ba.

A watan Janairu na 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin miyagun ƙwayoyi, suka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a duk faɗin Nijeriya. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba sigari. Daga cikinsu miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol, miliyan 2.4 kuwa maganin tari mai kodin da makamantansa. Ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Amma adadin da ya fi jan hankalina shi ne wannan: kimanin ɗaya ne cikin biyar na waɗannan mutane abin ya zame masa cuta. Watau ba duk wanda ya ɗanɗana ne ya kamu ba. To, wanda ya kamu fa, me ya same shi? Me ya sa mutum mai hankali, wanda ya ga abokinsa ya mutu, ya ga mahaifiyarsa tana kuka, ya yi rantsuwa da safe cewa ya bari, sa'an nan kafin magariba ya koma?

Mun saba da amsoshi uku. Wasu su ce rashin tarbiyya ne, wasu su ce sammu ne ko shafar iska, wasu kuma su ce talauci ne da zaman banza. Aikin jami'a shi ne ta ƙara tambaya ta huɗu, watau abin da ke faruwa a cikin kan mutumin. Wannan shi ne fannin da ake koyarwa a sassan nazarin ƙirar jiki, da aikin gaɓoɓi, da ilmin magunguna, da likitancin taɓin hankali.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙananan halittu wajen biliyan 86 waɗanda za mu kira ƙwayoyin jijiya, ko da yake na san kalmar ƙwaya ta yi baƙin jini a zamanin nan. Waɗannan ƙwayoyi ba a manne suke da juna kamar wayar lantarki ba. Tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai ɗan rata, wanda za mu kira mahaɗa. Idan saƙo ya iso bakin ratar, sai ta farko ta fesa wani sinadari, ya haye, ya shiga wani gurbi da ke jikin ta biyu kamar yadda mabuɗi ke shiga kuba. Wani masani mai suna Otto Loewi ne ya tabbatar da wannan a 1921, da zukatan kwaɗi biyu da ɗan ruwan gishiri. Duk abin da ake kira kayan maye, tun daga goron da ke aljihun wasunmu har zuwa hodar ibilis, aikinsa a wannan mahaɗa yake. Wani ya zo da mabuɗin jabu ya buɗe kubar, wani ya toshe ta, wani kuma ya hana a share sinadarin bayan ya gama aikinsa.

A 1954, a Jami'ar McGill da ke Kanada, James Olds da Peter Milner suka sa siririyar waya a cikin ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani ɗan maɓalli, ta yadda in ɓeran ya taka zai ji ɗan lantarki kaɗan a wurin. Da wayar ta faɗa wani yanki na musamman, sai ɓeran ya kama takawa ba ƙaƙƙautawa, sau ɗaruruwa har dubbai a cikin sa'a guda. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka nuna cewa ɓera mai jin yunwa yakan bar abinci ya koma kan maɓallin. Daga nan aka gane cewa akwai wata hanya a cikin ƙwaƙwalwa wadda aikinta shi ne ta ce wa mai rai, “Sake yin wannan.” Hanyar ta taso ne daga can tsakiyar ƙwaƙwalwa, ta bi ta wani ɗan curi da ake kira akumbens, ta miƙe har sashen da ke bayan goshi. Sinadarin da ke ɗaukar saƙo a cikinta shi ne dofamin, wanda Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya nuna muhimmancinsa a ƙarshen shekarun 1950. Ba don ƙwaya aka halicci wannan hanya ba. Ita ce ke sa jariri ya nemi nono, mai ƙishirwa ya nemi randa, manomi ya koma gonar da ta ba shi albarka bara. A 1988 wasu masana biyu na Italiya, Di Chiara da Imperato, suka auna suka ga cewa giya, da sinadarin taba, da mofin, da hodar ibilis, duk da bambancin kubar da kowanne ke buɗewa, ƙarshensu ɗaya ne: suna ƙara yawan dofamin a cikin akumbens.

A nan ne nake so ku ba ni hankalinku sosai, domin a nan mutane da yawa, har da masu karatu, suke yin kuskure. An daɗe ana cewa dofamin shi ne sinadarin jin daɗi. Wannan magana ba ta cika daidai ba. Wolfram Schultz ya yi shekaru yana sauraron ƙwayoyin dofamin a ƙwaƙwalwar birai, ya kuma bayyana abin da ya gani tare da abokan aikinsa a 1997. Idan aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace a baki ba zato, sai ƙwayoyin su motsa da ƙarfi. Idan aka riƙa kunna fitila kafin a ɗiga, bayan 'yan kwanaki sai su daina motsi da zuwan ruwan, su koma motsi da ganin fitilar. In kuwa aka kunna fitilar aka hana ruwan, sai su yi tsit, ƙasa da yadda suke a da. Ashe dofamin malami ne mai gyaran lissafi. Abin da yake rubutawa shi ne, “Wannan ya fi yadda aka zata, a riƙe wurin, a riƙe lokacin, a riƙe fuskar wanda ya kawo.” Tuwo, kome daɗinsa, in ka saba da shi malamin yakan ajiye alƙalami, don babu sauran abin mamaki. Ƙwaya kuwa, da yake kai tsaye take matso dofamin, kullum sai ta sa malamin ya rubuta cewa an sami abin da ya fi zato, ko da mai sha bai ji wani daɗi ba. Darasi ɗaya ake ta maimaitawa, kullum ana ƙara masa nauyi.

Saboda haka ne Terry Robinson da Kent Berridge na Jami'ar Michigan suka raba abu biyu a 1993, watau begen abu da jin daɗinsa. Hanyoyinsu a cikin ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne. A jikin wanda ya kamu, bege yana ta hauhawa, daɗi yana ta raguwa. Duk likitan da ya zauna da irin waɗannan bayin Allah ya ji suna cewa sun daɗe rabonsu da su ji wani daɗi a abin, amma ba sa iya bari. Mukan ɗauka ƙarya suke yi, alhali gaskiya suke faɗa. Hausawa sun ce sabo turken wawa, sai dai wannan turke ba ya tambayar wawa ne ko mai wayo. Dattijon da kansa ke sarawa in bai ci goro da hantsi ba ya san ɗan ƙaramin reshe na wannan al'amari.

Bari mu sauko kan abubuwan da aka fi sha a nan wajenmu. A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder suka gano cewa akwai kuba ta musamman a ƙwaƙwalwa wadda mofin ke buɗewa. Sai tambaya ta taso: don me jikin mutum zai zo da kubar da mabuɗinta ke cikin wani fure na Asiya? Bayan shekara biyu John Hughes da Hans Kosterlitz, a Aberdeen, suka ba da amsa, cewa jiki yana ƙera nasa mabuɗin don rage raɗaɗi. Kodin da tiramadol wannan kuba suke nema. Shi kodin da kansa ba shi da wani ƙarfi, sai ya bi ta hanta an juya wani kaso nasa ya zama mofin. Watau yarinyar da ta zuba maganin tari a cikin lemon kwalba tana kurɓa, mofin take sha ta bayan gida. Tiramadol kuma, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa a 1962 ya fara sayarwa a 1977, aiki biyu yake yi. Yana buɗe waccan kuba, yana kuma hana a share wasu sinadarai biyu masu sa kuzari da walwala. Wannan ne dalilin da ya sa ɗan dako da mai tuƙa keke mai ƙafa uku ke cewa yana ba su ƙarfi, shi ne kuma dalilin da ya sa yawansa ke kawo farfaɗiya. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum, a rarrabe. Na fasa-ƙwauri kuwa ƙwaya ɗaya takan zo da 225 ko 250, ana kuma haɗiyar biyu ko uku a tashi ɗaya.

Ƙwaƙwalwa ba ta zama ta zuba ido a yi mata haka. Kamar mai awo ce da ke son sikelinta ya tsaya daidai. In aka danne gefe ɗaya kullum, sai ta ƙara dutse a ɗaya gefen. Tana rage yawan kubobin, tana kuma ƙara wa jijiyoyin faɗakarwa ƙarfi. Shi ya sa ƙwaya ɗaya ta watan jiya ba ta isa a watan nan. Ranar da aka rasa kuwa, sai dutsen da aka ƙara ya rinjaya: hamma, da majina, da gumi, da zawo, da ciwon ƙashi, da rashin barci, da wani irin baƙin ciki marar dalili. Wannan shi za mu kira ciwon yaye. George Koob ya daɗe yana nuna cewa in tafiya ta yi nisa, mai sha ya daina neman daɗi, gudun wannan azaba kawai yake yi. Nora Volkow kuma, da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ta nuna tun shekarun 1990 cewa kubobin dofamin sun ragu a kan masu shan hodar ibilis, aikin sashen goshi ma ya yi sanyi. Shi wannan sashe shi ne linzami, shi ke auna gobe ya ce wa zuciya ta dakata. Ba ya kuwa gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Ku dubi shekarun yawancin waɗanda ke zaune a ɗakin nan.

To, kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya ce ƙwaƙwalwa ce kaɗai, mutum ba shi da zaɓi, muhalli ba shi da hannu. A 1997 Alan Leshner ya rubuta wata maƙala da ta yi tashe, inda ya ce jarabar ƙwaya cutar ƙwaƙwalwa ce. Na yarda da shi, amma da sharaɗi. A lokacin yaƙin Biyetnam sojojin Amurka da yawa sun faɗa shan hiroyin. Wata masaniya, Lee Robins, ta bi sawun waɗanda suka koma gida a 1971. Kimanin ɗaya cikin biyar sun ce sun kamu a can, amma daga cikin waɗanda suka kamu ɗin, wajen biyar cikin ɗari ne kawai jarabar ta sake kamawa a shekarar farko. Ƙwaƙwalwar da suka tafi da ita ce suka komo da ita. Abin da ya sake shi ne wurin, da abokan, da fargabar mutuwa, da arahar kayan. In kun tuna birin Schultz, an ɗauke musu fitilar ne. Binciken tagwaye ya nuna cewa gado yana da kaso 40 zuwa 60 cikin ɗari na haɗarin kamuwa, saura kuwa na rayuwa ne. Saboda haka masu cewa talauci da zaman banza ba su yi ƙarya ba, masu maganar tarbiyya ma haka. Ilmin ƙwaƙwalwa yana nuna ƙofar da waɗannan abubuwa ke bi su shiga jiki ne.

Yanzu ga ku ma'aikatan gwamnati. Ƙasar nan ta gwada tsanani. An yi dokar tabar wiwi a 1966. An yi doka ta 20 a 1984, wadda a ƙarƙashinta aka harbe mutum uku a Legas a watan Afrilu na 1985. An kafa hukumar NDLEA a 1989. A farkon watan Mayu na 2018, kwana ɗaya bayan gidan rediyon BBC ya nuna wani rahoto kan kodin, Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi. Tsare hanyar kaya wajibi ne, don mun ga abin da araha ta yi a Biyetnam. Amma doka tana kama kwalba ne, ba ta goge darasin da aka riga aka rubuta a kan yaro, kuma wanda aka rufe wa ƙofa ɗaya yakan nemi wata.

Iyaye kuma da suka rasa yadda za su yi sukan kai 'ya'yansu gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Ban zo zagin iyayen ba, ƙauna da rashin wurin zuwa ne suka kai su. Sai dai ilmin da muka bi yanzu yana faɗa mana abu uku game da ɗaure mutum. Ciwon yaye na kodin yakan lafa cikin mako guda ko makamancin haka, amma begen yakan yi watanni ko shekaru yana kwance, ya tashi ranar da yaron ya sake ganin lungunsu da abokansa. Tsoro da wulaƙanci kuma suna ƙara rura jijiyoyin da tun farko ke tura shi sha. Na ukun ya fi muni. Wanda ya yi wata uku bai sha ba, jikinsa ya saki juriyar da ya tara. In ya fito ya sha adadin da ya saba a da, ƙwayar tana iya danne wurin da ke sarrafa numfashi a gindin ƙwaƙwalwa, ya yi barcin da ba tashi. Akwai allura mai suna naloksan da ke fizge mabuɗin daga kuba ta dawo da numfashi cikin 'yan mintoci, ya kamata a ce kowane ɗakin agajin gaggawa yana da ita. Wanda kuma ya saba da giya mai yawa ko ƙwayar barci irin su Valium da roci, yanke masa farat ɗaya yana iya jawo farfaɗiyar da za ta kashe shi, sai dai likita ya riƙa rage masa sannu a hankali. Tun 1965 Vincent Dole da Marie Nyswander suka nuna a New York cewa maganin metadon yana iya riƙe mai jarabar hiroyin ya koma aikinsa da iyalinsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba marar lafiya haƙƙi a rubuce. Asibitin koyarwa na Shika da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna suna nan, amma ku kwatanta gadajensu da miliyoyin da na ambata da farko.

Ɗalibi zai ce, duk sunayen da malam ya jero na Turawa ne masu na'urorin miliyoyi, mu a Samaru me za mu iya? Da yawa. Akwai gwajin da kafinta zai iya haɗa maka kayansa: akwati mai ɗaki biyu, ɗaya fari ɗaya baƙi. A ba ɓera magani a ɗaki ɗaya, ruwan gishiri a ɗayan, bayan kwanaki a buɗe ƙofa a ga inda zai fi zama. Da wannan akwati da agogo ake auna ko abu yana da turke. Ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro ma ana nazarin maye da shi, har a 2012 aka ga cewa namijin da mata suka ƙi ya fi sauran shan barasa. (Na ga wasu a baya suna dariya.) Sashen ilmin magunguna na wannan jami'a ya daɗe yana gwada tasirin itatuwanmu a ƙwaƙwalwar ɓeraye, saboda haka hannu da idon aikin suna nan.

Sai dai a shiga da tsantseni. A 2013 wasu masana suka ba da labarin cewa sun sami tiramadol a saiwar tafashiya a ƙasar Kamaru, duniya ta ɗauka itacen ne ke ƙera shi. Shekara guda bayan haka wata ƙungiya daga Jamus ta sake aunawa, ta sami maganin a ƙasa da ruwa da saiwoyin wasu itatuwan dabam a arewacin ƙasar, inda manoma ke sha suna kuma ba shanun huɗa don su jure aiki. Suka ce ta fitsari da kashi ya shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa.

Tambayoyin da ke jiran ku na nan gida ne. Sinadarin hanta da ke juya kodin ya zama mofin ba ƙarfinsa ɗaya ba a jikin kowa. A Habasha an sami kusan mutum uku cikin goma da nasu ke aiki da sauri ƙwarai, a Afirka ta Yamma kuwa wani nau'i mai sanyin aiki ya yawaita, saboda haka kwalba ɗaya tana iya sa wani gyangyaɗi ta kai wani kabari. Yawancin littattafan da muke koyarwa da su an gina su ne kan mai shan abu ɗaya, alhali namu yaran haɗawa suke yi: tiramadol da kodin da roci, a bi da wiwi. Ga sholisho, wanda tururinsa ke cinye rigar da ke lulluɓe jijiyoyi, yara 'yan shekara goma sha suna shaƙa a bakin tasha. Ga zaƙami, wanda ke toshe wata kuba dabam ya jefa mutum cikin ruɗewa da gane-gane. Ga kuma matan aure da 'yan mata da ke sha a cikin ɗaki, waɗanda kunya ke hana a kai su asibiti. Mai son ya yi digirinsa na biyu ko na uku a kan ɗaya daga cikin waɗannan, zai buƙaci ilmin sinadarai da lissafin ƙididdiga, da izinin kwamitin ɗa'a kafin ya taɓa ɓera ko ya yi wa mutum tambaya, da kuma Hausar da zai zauna da ɗan dako a Sabon Gari har ya gaya masa gaskiyar ƙwaya nawa yake haɗiya kafin ya ɗauki buhun farko.

Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.